Malamin Da Ya Rasa Amsa: Bitar Littafin A Grief Observed Na C. S. Lewis

A shekarar 1961 kamfanin ɗab'i na Faber and Faber da ke Landan ya fitar da wani ɗan siririn littafi mai suna A Grief Observed. Sunan marubucin da ke bangonsa shi ne N. W. Clerk, sunan da ba wanda ya taɓa jin ɗuriyarsa. Abin da ke ciki rubutun wani magidanci ne da cutar daji ta ɗauke masa mata, bai ma faɗi sunanta ba, da harafin H kawai yake kiranta. Sai bayan rasuwar mai littafin aka sake buga shi da sunansa na gaskiya a 1964, jama'a suka san ashe C. S. Lewis ne, mutumin da Kiristocin Ingila da Amurka suka ɗauka gwanin warware tambayoyi masu wuya game da Allah. An ruwaito cewa kafin asirin ya fito, har akwai abokansa da suka ba shi shawarar ya nemi littafin ya karanta, ko ya sami sanyin zuciya.

Masu neman abin karantawa a kan bangaskiya akwai inda ake tura su, masu neman na zaman aure akwai nasu, haka ma masu son koyon rubutu. Da wuya a sami littafi ɗaya da ya haɗa ukun ba tare da ya zama kwaɗo ba. Wannan ya haɗa su, kuma ba da gangan ba. Mutum ne ya rasa matarsa, rashin ya girgiza abin da ya yi imani da shi, sai ya ɗauki alƙalami don kada hankalinsa ya gushe.

Sai an san matsayin Lewis kafin a gane nauyin abin da ya yi. An haife shi a Belfast a 1898. Yana ɗan shekara 9 cutar daji ta kashe mahaifiyarsa, kuma tun yana saurayi ya yi watsi da addini. Ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a Faransa, aka ji masa rauni a 1918. Daga 1925 ya zama malamin adabi a Kwalejin Magdalen ta Jami'ar Oxford, har 1954 da Cambridge ta ba shi kujerar farfesa. Ya dawo ga bangaskiyar Kirista a 1931, bayan wata doguwar hirar dare da abokansa J. R. R. Tolkien da Hugo Dyson. Daga nan ya zama mai kare addini da hujja. A 1940 ya fitar da The Problem of Pain, inda ya tunkari tsohuwar tambayar nan: in Allah nagari ne kuma mai iko duka, me ya kawo wahala? Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu muryarsa ta shiga gidajen Birtaniya ta rediyon BBC, jawaban da aka tattara suka zama Mere Christianity a 1952. Ga kuma labaran Narnia guda 7 da ya rubuta wa yara. Duk wannan tsawon lokaci tuzuru ne, yana zaune da wansa Warren a gidansu da ake kira The Kilns a gefen Oxford.

Ita kuwa Joy Davidman, wadda sunanta na farko Helen ya ba da harafin H, 'yar New York ce daga zuriyar Yahudawa, an haife ta a 1915. Marubuciyar waƙoƙi ce da kundinta na farko ya ci kyautar Jami'ar Yale ta matasan mawaƙa a 1938. Ta yi zamanin rashin yarda da Allah, ta yi 'yar jam'iyyar Kwaminis, daga baya ta karɓi Almasihu, kuma littattafan Lewis na cikin abin da ya ja ta. Ta fara rubuta masa wasiƙa a 1950, suka haɗu ido da ido a 1952. Aurenta da marubuci William Lindsay Gresham ya mutu a 1954, ta zauna a Ingila da 'ya'yanta maza biyu, David da Douglas. Da hukuma ta ƙi sabunta mata takardar zama, Lewis ya aure ta a ofishin rajista ranar 23 ga Afrilu 1956, auren takarda kawai, kowa na gidansa. A watan Oktoba na shekarar ta faɗi a gida, ƙashin cinyarta ya karye, likitoci suka gano daji ya riga ya ci jikinta. A nan ne Lewis ya gane cewa abin da yake kira abota ya wuce abota. Bishof na Oxford bai amince a ɗaura musu auren coci ba saboda ita bazawara ce mai tsohon miji a raye, amma wani limamin coci, tsohon ɗalibin Lewis mai suna Peter Bide, ya ɗaura shi a bakin gadon asibiti ranar 21 ga Maris 1957. An mai da ita gida ne don ta cika a can. Sai cutar ta lafa, ta miƙe tana tafiya da sanda. Sun je Ailan tare, sun je Girka a watan Afrilun 1960. Ranar 13 ga Yuli 1960 ta rasu tana da shekara 45.

Littafin babi 4 ne, kowane babi littafin rubutu ɗaya ne daga cikin waɗanda Lewis ya tsinta a gida kusan babu komai a ciki. Abin da ya fara kama mai karatu shi ne yadda mutumin ke lura da kansa kamar likita a kan majinyaci. Ya ga cewa baƙin ciki a jiki tamkar tsoro yake, cikin mutum na kaɗawa, yana ta haɗiyar yawu, ya kasa zama wuri ɗaya. Ya ga kasalar da ke zuwa da shi, har aske gemu ya zame masa aiki, tunda wadda ake yi dominta ba ta nan. Ya ga yadda ya zama abin jin nauyi ga mutane: sai ya hango wani na tahowa, ya karanta a fuskarsa yana shawara da zuciyarsa ko ya yi masa gaisuwa ko ya basar, kuma kowanne ya zaɓa haushi yake ba shi. Ya ga yadda yaran ke sunkuyar da kai in ya ambaci mahaifiyarsu, ya tuna shi ma haka ya yi wa mahaifinsa a 1908. Wanda ya taɓa binne nasa zai gane waɗannan abubuwa tun kafin ya kai ƙarshen shafi, ko da bai taɓa jin wani ya furta su ba.

Sai kuma ya juya kan Allah, kuma a nan ne wasu masu karatu ke rufe littafin. Lewis ya ce lokacin da yake cikin jin daɗi, duk sa'ad da ya waiwaya da godiya yakan ji an karɓe shi hannu biyu. Da ya zo da buƙata ta gaske, sai ya ji kamar an rufe masa ƙofa an danna sakata daga ciki, shiru ya biyo baya. Bai ji tsoron zai daina yarda da akwai Allah ba. Tsoronsa ya fi haka muni: kada ya wayi gari ya yarda cewa Allah yana nan, amma mugu ne, mai ba mutum ɗanɗanon daɗi don ya fi jin zafin ƙwacewa. Ya tuna yadda aka yi ta ba su sa rai, gwaje-gwaje na nuna sauƙi, addu'a kamar ta karɓu, ashe jinkiri ne kawai. Kalmomin ta'aziyya ma bai bar su ba. Da aka ce masa ai yanzu tana hannun Allah, sai ya tambaya, da can a hannun wa take lokacin da ciwo ke cin ta? Har maganar Manzo Bulus ga Tasalonikawa game da makoki mai bege ya auna, ya ce tana iya ta'azantar da ruhun uwar da ɗanta ya mutu, amma ba za ta maido mata da yaron da za ta yi wa wanka ta goya ba.

Mai karatun da ya tashi a inda ake ce wa mai makoki sai haƙuri, zai iya ganin wannan kamar saɓo. Amma wanda ya san Littafi Mai Tsarki ya san wannan murya ba baƙuwa ba ce. Ayuba ya yi irin wannan magana, kuma a ƙarshen littafinsa abokansa masu kare Allah da tsararrun amsoshi ne aka tsawata wa. Zabura ta 88 ta ƙare ba tare da ta juya ga yabo ba. Akwai littafi sukutum mai suna Makoki. Abin da Lewis ya yi shi ne ya kai ƙarar Allah gaban Allah, wanda ya daina yarda kuwa ba ya kai ƙara, tafiyarsa yake yi.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne yadda bai bar kansa ya tsira da hujjar da ya kawo ba. Ya zargi Allah da dare, da safe ya karanta abin da ya rubuta ya ce wannan ihu ne, ba tunani ba. Sai ya tambayi kansa: mene ne sabo a nan? Ai tun da can ya san mutane na mutuwa, ya san an yi wa masu bi alkawarin wahala, har littafi ya rubuta a kai. In da gaske ya damu da baƙin cikin duniya, me ya sa sai da abin ya taɓa gidansa ya rikice? Amsar da ya ba kansa ba ta da daɗi: bangaskiyar tasa ginin toka ce, tausayin da yake ji wa wasu ma rabinsa na baka ne. Ya kawo misalin igiya, ya ce kowa zai iya cewa tana da ƙarfi muddin akwati za a ɗaure da ita, sai ranar da za ta riƙe mutum a bakin rami ake sanin ko ya yarda da ita. Daga nan ya fara ganin cewa gwajin ba don Allah ya san ƙarfinsa ba ne, ai ya riga ya sani. Shi Lewis ne bai sani ba.

Bai kuma fita ta ƙofar sauƙi ba. Da ya ajiye zargin mugunta, abin da ya maye gurbinsa shi ne likitan tiyata mai kirki, wanda kirkin nasa ne zai hana shi ajiye wuƙa don majinyaci na roƙo, domin in ya tsaya a tsakiya duk azabar da aka sha ta tafi a banza. Wannan ba ta'aziyya ba ce irin ta katin gaisuwa. Akwai masu cewa wannan littafi ya rushe The Problem of Pain, amma in aka jera su za a ga hujjojin kusan ɗaya ne. Bambancin shi ne a 1940 yana tsaye ne a gaban allo, a 1960 shi ne kwance a kan tebur.

A kan aure kuwa, littafin ya faɗi abin da yawancin littattafan shawarar ma'aurata ba sa kaiwa gare shi. Abin da ya fi tsorata Lewis shi ne yadda ya ga matarsa na komawa abin da zuciyarsa ta ƙera. Ba shi da hotonta mai kyau, fuskarta ma ta ƙi tsaya masa a tunani. Ya ba da labarin wani mutum da ya sake haɗuwa da shi bayan shekara 10, yana ganin ya riƙe kamanninsa sarai, amma minti 5 na farko suka wargaza hoton da ke kansa. To, wa zai wargaza masa hoton H yanzu? Tana raye takan katse shi, ta ƙi yarda da shi, ta huda masa girman kai, don mace ce mai kaifin harshe da kaifin ƙwaƙwalwa. Wannan turjiya ita ce shaidar cewa da mutum yake zaune, ba da mafarkinsa ba. Yanzu da ta tafi, H ta cikin kansa za ta riƙa amsa masa duk abin da yake so.

Darasin ya wuce makoki. Lewis da kansa ya lura cewa haka muke yi wa rayayyu, muna zaune da su ɗaki ɗaya amma da hotonsu muke magana, kuma sai sun kauce sosai kafin mu lura. Miji nawa ne ke zaune da matar da ya zana a ransa tun ranar biki, bai ƙara ɗaga ido ya kalli wadda ke gabansa ba? Daga nan Lewis ya ɗauki zaren ya kai shi ga bangaskiya: yadda yake son H ba hotonta ba, haka ya wajaba ya nemi Allah ba tunaninsa game da Allah ba, kuma Allah da kansa ne ke farfasa waɗannan hotuna lokaci bayan lokaci. A nan ne zancen aure da zancen imani suka zama zance ɗaya. Ya kuma kai ga ganin cewa rabuwa ba yankewar aure ba ce, mataki ne daga cikin matakansa, tunda duk ma'auratan da suka riƙe alkawari ɗayansu zai binne ɗaya. 'Yan watanni kafin rasuwarta ya fitar da The Four Loves, inda ya yi gargaɗin cewa duk mai ƙauna ya buɗe zuciyarsa ga rauni, mai gudun raunin kuwa zuciyarsa za ta bushe. Littafin nan shi ne biyan kuɗin waccan magana.

Marubuci zai ƙaru da littafin ta wata fuska. Lewis gwanin jera hujja ne, sauran littattafansa suna tafiya daki-daki har su kai mai karatu inda aka nufa. A nan jimlolin gajeru ne, tambayoyi sun fi amsoshi yawa, kuma babin da ya biyo baya yakan ƙaryata wanda ya gabace shi. Ya buɗe littafin rubutu na biyu da cewa ya sake karanta na farko ya ji kunya, domin wanda ya gani zai ɗauka mutuwar H ba ta da wani muhimmanci sai ta yadda ta shafe shi. A na huɗu ya lura cewa kansa ya sa gaba, sannan ita, sannan Allah, alhali akasin haka ya dace. Abin burgewa shi ne bai koma ya goge na farkon ba. Marubuci mai suna irin nasa yana iya gyara shafukan fushi don su dace da inda ya sauka, amma ya bar su yadda suka fito, mai karatu ya ga hanyar da ƙafarsa ta bi. Ya kuma san lokacin tsayawa. Littafin rubutu na huɗu shi ne na ƙarshe da ya samu a gida, har da wani tsohon lissafi a shafukansa na baya, ya kuma yanke cewa ba zai sayi wani don wannan aiki ba. Ya gane baƙin ciki ba fili ba ne da za a zana taswirarsa a gama, tafiya ce, in bai sa wa kansa iyaka ba rubutun zai koma sana'ar tono ciwo.

Littafin yana da nasa giɓi. Lewis ya auri H yana dab da shekara 60, zamansu na gaske bai wuce shekara 3 da 'yan watanni ba, kuma duk a ƙarƙashin inuwar cuta aka yi shi. Madeleine L'Engle, marubuciyar Amurka da ta rasa mijinta bayan shekara 40 da aure, ta nuna wannan bambanci a gabatarwar da ta yi wa wani bugu na littafin. Matar da aka bar wa marayu da bashi da rigimar gado ba za ta ga rabin damuwarta a nan ba. Yaran biyu, waɗanda uwa suka rasa, sau ɗaya suka leƙo suka ɓace. Ikilisiya kusan ba ta fito ba, makokin mutum ɗaya ne a ɗakinsa, irin na Baturen Ingila na wancan zamani. Mu da muka saba da cikar gida, da mata masu kawo abinci, da 'yan zumunta masu kwana suna waƙa, za mu ji kaɗaicin ya yi yawa. Sannan juyin da ya zo a babi na uku bai zo ta hujja ba. Ya sami barci mai kyau, rana ta fito bayan kwanaki na hadari, ya tashi zuciyarsa sakayau, sai ya ji ya tuna H fiye da kowane lokaci. Mai neman a gamsar da shi da dalili zai ji an bar shi a hanya. Ni dai ina ganin gaskiya ce ya faɗa, don haka sauƙi ke zuwa, kuma bai ɓoye cewa bayan 'yan kwanaki ciwon ya dawo sabo fil ba. Akwai kuma ambaton Dante da kalmominsa na Italiyanci da za su sa wanda bai saba ba ya ɗan yi tuntuɓe.

Wanda ya san labarin ta fim ɗin Shadowlands na 1993, wanda Anthony Hopkins da Debra Winger suka fito a ciki, ya san soyayyar amma bai san kokawar ba. Fim ɗin ya rage yaran zuwa ɗaya, ya kuma bar mai kallo da zaton imanin mutumin ya raunana. Littafin bai nuna haka ba. Ya ƙare ne Lewis na ganin cewa wasu tambayoyin namu ba su da amsa don tun asali ba a yi su daidai ba, kuma shirun da ya ɗauka rufe ƙofa ne ya fara jin sa kamar kallon mai tausayi. Littafinsa na ƙarshe, Letters to Malcolm, a kan addu'a yake. Ya rasu ranar 22 ga Nuwamba 1963, ranar da aka harbe Shugaba Kennedy.

Ba littafin da za a miƙa wa mai makoki a makon farko ba ne. A lokacin abin da yake buƙata shi ne a zauna kusa da shi. Amfaninsa na zuwa ne bayan an naɗe tabarmi, an kwashe kujerun haya, masu gaisuwa sun koma harkokinsu, mutum ya fara jin tambayoyin da yake kunyar kai wa fasto. Fastoci da dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata su ne ya fi kamata su fara karanta shi, don su san abin da ke bayan amsar nan ta "da godiya" da ake ba su. Masu shirin aure su haɗa shi da The Four Loves, su fara da wancan su ƙare da wannan. Mai rubutun addini kuwa ya karanta shi bayan The Problem of Pain, ya ga abin da shekara 20 da kabari ɗaya suka yi wa alƙalamin mutum ɗaya. Ana iya gama shi a zama guda, amma ya fi kyau a bi shi babi-babi, a bar kwana a tsakani, tunda shi ma mai shi ba a dare ɗaya ya rubuta ba.